Ajin Turanci a Zauren Hedimasta: Ra'ayin Ɗan Riɗi

Tun da aka ji ina zuwa ajin Turancin da tsohon hedimastanmu ya buɗe a zauren gidansa, ba na taku goma a kasuwar Maigatari sai wani ya tare ni: wai abin na yi kuwa, ko dai zubar da kuɗi ne? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a tsaye bakin sikeli, ga hayaniya ga ƙura, shi ya sa na zauna na rubuta gaba ɗaya. Ajin ya ci kuɗinsa, amma ba ta fuskar da yawancin masu tambayar suke zato ba. Wanda burinsa ya fito yana zuba Turanci a majalisa har a riƙa cewa wane ya fasa ƙamus, ya riƙe kuɗinsa ya sha shayi da su. Wanda kuwa ya gaji da cewa "ok sir" a kan maganar da bai gane ba, nan ne wurinsa.

Ni sana'ata sayen riɗi da zoɓo. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, ƙasar yashi, inda riɗi ke yi ko da ruwa ya yi gardama. Ina bin ƙauyuka ina tara kaya tiya-tiya har su zama buhuna, in haɗa da na abokan sana'a a yi mota. A da cinikin duk da Hausa ake yin sa: ka kai kasuwar Dawanau ta Kano, dillalinka ya shige gaba, a yi albarka a yi sallama, a ƙirga maka kuɗi. Yanzu kamfanonin da ke fitar da kaya waje suna turo wakilansu har ƙauye, kuma mai yanke farashi a can sama sau da yawa Ba'indiye ne, ko ɗan Labanon, ko mutumin Kudu. Riɗinmu ta Legas yake fita zuwa Japan da Turkiyya da Sin, zoɓo kuma mafi yawansa Meziko yake tafiya, kuma duk wannan doguwar hanya da Turanci ake bin ta har ta ƙare a wayata. Na gama sakandare, rasit da allon hanya ba sa ba ni wahala. Amma akwai saƙon da zan karanta, kowace kalma na san ta, in kai ƙarshe ban san ko an saya ko an fasa ba.

Wurin ba wani abin kallo ba ne. Zauren ƙasa ne irin na da, an yi masa daɓen siminti, an shafe gefe ɗaya na bango da baƙin batir ya zama allo. Benci uku ne, wanda ya makara sai tabarma. Fitilar sola biyu, ɗaya a rataye jikin azara, ɗaya tana yawo hannu-hannu wurin duk wanda aka ce ya karanta. Ana zama Asabar da Litinin da Talata, daga bayan sallar Isha'i zuwa wajen ƙarfe 10:00. Laraba kowa na haɗa kaya, Alhamis kuwa kasuwar Maigatari ke ci, ko an buɗe ba mai zuwa. Kuɗin wata N3,000, 'yan makaranta N1,500, sai N1,200 na takardun da ya buga. Wanda ba shi da tsaba yakan kawo gero ko wake a yi masa lissafi da farashin ranar. Mun kai mutum 20: 'yan riɗi irina, yaron da ke POS a bakin tasha, wani ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, malaman firamare biyu, sai samari masu shirin jarrabawa.

Malam yana cikin waɗanda aka ɗauka koyarwa lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da takardar malanta mai daraja ta biyu. Shi ya koya wa rabin garin nan karatun boko, har da ni, kuma har yau in ya ɗaga alli sai in ji na gyara zama. Kunnensa ɗaya ya yi nauyi, amma ido ras, ba kuskuren da ke wuce shi.

Daren da na fara zuwa bai rubuta Turanci ko ɗaya ba. Sai ya rubuta "ya kashe kuɗi", "ya sha iska", "an ja masa kunne". Ya juyo ya ce, "Baƙon da ya koyi Hausa a littafi, in ka ce masa jiya ka kashe N5,000, me zai tambaye ka?" Wani daga baya ya ce, "Ina gawar." Aka fashe da dariya. Ya ce to Turawa ma suna da dubban irin waɗannan, su suke kira idiyom, kuma wanda bai gane su ba ba daƙiƙi ba ne, baƙo ne. Maganar nan kaɗai ta sauke wa mutane nauyi, domin akwai magidanta a ajin da suka yi shekara da shekaru suna ganin kansu ne ba ya ja.

Ya kuma nuna mana abin da ya sa wayo ba ya fitar da mutum a nan. Da yawa daga cikin waɗanda ake ji a harkar ciniki daga wasannin da ba mu yi suka fito. "Ballpark figure", wato a faɗi adadi sama-sama ba tare da an ɗaure kai ba, daga filin wasan besbol na Amurka ta samo asali. "Rain check" ma daga can ne: tikitin da ake ba 'yan kallo in ruwa ya hana wasa, su dawo da shi wata rana. Saboda haka in mai saye ya faɗa maka ita, nufinsa ba yanzu ba, babu ruwan maganar da cekin banki ko damina. "In the red" kuma daga jar tawadar da akawu ke rubuta asara da ita ne. Ɗan Gagarawa ko Sule Tankarkar da bai taɓa ganin sandar besbol ba, ta ina zai canko wannan? Sai dai a faɗa masa.

Dokar ajin ɗaya ce, kuma yana maimaita ta har mun haddace. Ya ce idiyom kamar sefa ce: dole ɗan kan iyaka ya san darajarta don kada a cuce shi wurin canji, amma ba da ita zai sayi ƙosai a ƙofar gidansa ba. Ka gane ta in an faɗa maka. Kai kuma in za ka yi magana, musamman inda kuɗi ko mutunci yake, faɗi abin da kake nufi da kalmomin da ka tabbatar da su. Samarin ajin da farko ba su so haka ba, su abin burgewa suka zo nema.

Kowace idiyom ya ɗauko sai ya bi ta da tambaya uku: me take nufi, wa ke faɗa wa wa, kuma a ina ne ba a faɗarta. A ta ukun yake daɗewa. Yana da wani tsohon ƙamus na Oxford na masu koyo, bangonsa ya tafi, an ɗinke shi da zaren buhu. Yakan tuna mana cewa A. S. Hornby, malamin da ya koyar da Turanci a Japan, shi ya tsara shi don baƙin harshe irinmu, Oxford kuma ta fara buga shi a 1948. Abin da yake so mu riƙa dubawa a ciki shi ne 'yan ƙananan alamomin da ake sawa kafin ma'ana, masu gaya maka wannan ta raha ce, wannan ta ofis ce, wannan tsohon yayi, wannan kuwa zagi.

Akwai wani yaro a ajin, mai ƙoƙari ƙwarai, wanda ya fi kowa haddar jerin idiyom saboda JAMB. Mahaifin wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar da su ya rasu a can Kudu, sai yaron ya rubuta masa ta'aziyya ya kawo wa Malam ya duba kafin ya tura, yana ta murmushi don ya san ya saka abin da zai burge. Malam ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanta a hankali: "Sorry sir, I heard that your father kicked the bucket." Ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa.

"Ɗana, in mahaifin abokinka ya rasu, za ka shiga gidan makoki ka ce ka ji tsoho ya sheƙa barzahu?"

"Subhanallahi! Allah ya gafarta Malam, wa zai faɗi haka?"

"Kai. Ga shi ka rubuta."

Yaron ya ce ai a takardar da ya haddace cewa kawai aka yi ma'anarta mutuwa. Malam ya ce takardar ba ta yi ƙarya ba, rabi ta faɗa ta bar rabi, ya buɗe ƙamus ya ɗora yatsa a kan alamar da ke nuna maganar ta barkwanci ce. Suka sake rubutawa tare, layi biyu kacal, da "passed away", wadda ita ce daidai da mu ce ya riga mu gidan gaskiya, sai addu'ar Allah ya ba iyali haƙuri. Aka tura.

Amma in aka ce in zaɓi abu ɗaya da nake biyan N3,000 saboda shi, rabin awar ƙarshe ce, wadda muke kira asibiti. Kowa ya fito da saƙon da ya shige masa duhu a cikin mako, ko takardar da aka ba shi ya sa hannu, a karanta a feɗe ta. Wani abokin sana'ata mai sayen zoɓo ya kawo nasa wata Litinin. Ya yi wa wakilin wani kamfani tayin kaya, aka amsa masa da "We will see what we can do." Shi har ya yi magana da direba, yana shirin ba da kuɗin mai, domin a ganinsa an ce za a yi. Malam ya tambaye shi: in ka je wurin babban mutum neman alfarma ya ce maka "za mu duba", kakan je ka ci bashi a kai? Ya ce a'a. Ya ce to wannan ita ce "za mu duba" ta Turawa, ba e ba ce, ba a'a ba ce, amma ta fi kusa da a'a. Ya sa shi ya rubuta nan take cewa a tabbatar masa a rubuce, buhu nawa, a kan nawa, wace rana. Washegari amsa ta zo cewa ba sa saye a wannan makon. Wanda ya taɓa biyan mota zuwa Kano ta dawo masa da kayansa ya san abin da mutumin nan ya tsallake.

A asibitin nan ne muka gane cewa ba manyan idiyom ne ke cin jarin ɗan kasuwa ba, ƙananan kalmomi ne da ido ke tsallakewa. Yawancinmu in an turo takarda farashi muke nema, da mun gan shi sai mu rufe. To a bayan farashin sau da yawa akwai "subject to quality check". Kalmomi biyun farko suna nufin farashin bai zauna ba sai sun gwada kayan a sitonsu: danshi, ƙasa, tsakuwa, ƙaiƙayi, gaurayen baƙin riɗi a cikin fari. Kaya sun riga sun bar hannunka suna Kano, sannan a ce an rage kaza a kowane kilo. Malam bai taɓa riƙe sikeli ba, amma shi ya ce duk inda muka ga kalmomin nan mu tambayi sharaɗin kafin a yi lodi: datti kashi nawa cikin ɗari aka yarda da shi, in ya wuce nawa za a cire, wa zai yi gwajin, kuma ko za mu iya tsayawa a wurin. Haka ya bi da mu ta kan "gross" da "net", nauyi da buhu da nauyi ba buhu. Haka "up to 30 tonnes", wadda za ta iya ƙarewa a tan 5 ba wanda ya yi ƙarya. Haka "by Friday", wato kada ya wuce Juma'a, ba wai a fara ranar Juma'a ba.

Kwanan wata ya hana mu rubuta shi da lambobi zalla, domin 4/11 a wurinmu 4 ga Nuwamba ne, a wurin mutumin Amurka kuwa 11 ga Afrilu. A rubuta sunan watan. A waya kuma, kunnenmu da harshenmu ba sa raba "fifteen" da "fifty" da kyau, balle in layi na yankewa, alhali tsakanin 15 da 50 akwai jarin mutum. Don haka a faɗi lambobin ɗaya-ɗaya, da an kashe waya kuma a bi da saƙo. Ya sa mu yi ta gwadawa biyu-biyu, ɗaya a cikin zaure ɗaya a waje bayan ƙofa, muna ciniki da ƙarfi da Turanci, har yaran unguwa suka fara kwaikwayonmu a hanyar masallaci.

To ga inda nake da ƙorafi, kuma duk na faɗa masa a gabansa, ba gulma ba ce. Malam mutumin Turancin Ingila ne, wanda yake kira Turancin Sarauniya, duk abin da ya kauce masa kuskure ne a wurinsa. In yaro ya rubuta "more grease to your elbow" sai ya ja jan biro ya ce "power" ake cewa. A jarrabawa yana da gaskiya, ba na ja. Amma mutanen da nake hulɗa da su ba daga Landan suke ba. Manaja Ba'indiye zai rubuto "kindly do the needful", ko ya ce an yi "prepone" ɗin lodi. Ranar da na kawo wannan ta ƙarshen, Malam ya duba ya ce ba Turanci ba ne, a wuce. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, Sarauniya ta rasu tun 2022, kuma ko da tana da rai ba ta taɓa sayen riɗi a hannuna ba. Wannan da ya rubuto shi ke biya." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗan riɗi, ba ka da ta ido," sannan ya yarda muka bi ta. A Turancin Indiya kishiyar "postpone" ce, wato an matso da ranar kusa. Wanda ya ɗauka an ɗaga ne, sai dai ya ga tirela a ƙofar sito kaya ba su haɗu ba. Har yanzu irin waɗannan ba sa cikin darasi sai in mu muka kawo. Turancin buroka na direbobin Kudu kuwa ba ya yarda ko a ambace shi a zaurensa, alhali rabin rigimar lodi da shi ake yi.

Haɗa mu aji ɗaya da masu jarrabawa ma bai yi ba. Ban ga laifin yaran ba: a JAMB Turanci dole ne ga kowa, tambaya 60 ce a kansa alhali sauran darussa ukun 40 kowanne, a WAEC da NECO kuma in babu kiredit a Turanci sauran sakamakon ado ne. Don haka daga Janairu har a gama jarrabawa ajin nasu ne. Sai ka ga magidanci ya baro iyalinsa da dare, ya zauna a tabarma ana nanata masa "raining cats and dogs", abin da ban taɓa gani a saƙon kowa ba. Na ba Malam shawara ya ware Talata ga 'yan kasuwa da ma'aikata zalla, ko da za a ƙara mana N500. Ya ce za mu duba. Mu kuwa shi da kansa ya koya mana ma'anar wannan.

Sannan murya ɗaya muke ji, tasa, a hankali, kowace kalma a wanke. Wanda zai kira ka daga Legas ko daga wani ofis a Bompai ba haka yake magana ba. Wani saurayi a ajin ne ya kawo sauƙi: in ya shiga Gumel inda intanet ke da ƙarfi, sai ya sauko da gajeren shirin nan na BBC mai suna The English We Speak, wanda kowane kashinsa ke ɗaukar magana ɗaya a yi bayaninta cikin 'yan mintuna, ya rarraba mana ta Xender. Da farko Malam ya ɗaure fuska. Yanzu shi ke cewa a kunna, ya kara kunnensa mai lafiya jikin sifika, ya sa a tsayar ya tambaye mu abin da muka ji. Amma wannan ƙoƙarin ɗalibi ne, ba ya cikin abin da aka biya.

Takardun N1,200 ɗin kuwa sai a hankali. An yi ta hotokwafi daga hotokwafi har wasu layukan sun dushe, kuma yadda abubuwan suka zo wa Malam a ka haka aka zuba su, in kana neman abu sai ka bi shafi-shafi. Abin da ya cece su shi ne bayanin Hausa da ke ƙarƙashin kowace idiyom, da misali daga rayuwarmu da gargaɗin inda ba a faɗa. Fashi ma ana yi. Da damina zauren na yoyo ta kusurwar gabas, Malam kuma dattijon gari ne, ba a jana'iza ko sulhun gona ba shi, daren da aka rasa kuwa ba a ramawa, ba a rage kuɗi. Wani daren yana nan amma labari ya ɗauke shi, daga jar tawadar akawu sai mu tsinci kanmu a yadda aka yi rabon ma'aikata lokacin da aka cire Jigawa daga Kano a 1991. Labaran da daɗi, ni ina son su, amma minti 20 ne daga cikin awa ɗaya da rabi.

Abin da ya fi damuna shi ne mata. Zaure ne, dare ne, ba mai barin 'yarsa ko matarsa ta zo. Ƙanwata ta gama sakandare, tana son shiga makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu ko ta kiwon lafiya da ke Jahun, kuma Turanci ne ya tsaya mata. Ita ke karanta takarduna fiye da ni, takan rubuto tambayoyi a 'yar takarda in kai in dawo mata da amsa, wani lokacin amsar ta lalace a hanya. Malam yana da 'ya mai NCE da ke koyarwa a firamare, an ce za ta buɗe na mata a cikin gida da safiyar Asabar. Tun bara ake faɗa. Akwai gidajen da na sani da za su biya ranar da aka fara.

In wani ya duba wayata yanzu zai ce Turancina raguwa ya yi. Saƙonnina sun gajarce: kaya kaza, nauyi kaza ba buhu, farashi kaza, rana kaza ga wata kaza, a tabbatar. Ban taɓa saka idiyom a saƙon ciniki ba, kuma ba na jin zan saka. Amma in an turo mini ita ina ganinta, in kuma ta fi ƙarfina sai in rubuta "please say it in simple words". Malam ne ya ba mu wannan jimlar, ya ce babu ɗan kasuwar kirki da zai raina ka saboda ita, wanda ya ji haushi kuwa da ma akwai abin da yake ɓoyewa.

Wanda bai iya karatun boko ba sam, ba nan zai fara ba, ajin yaƙi da jahilci za a tura shi. Wanda ya yi firamare ko sakandare ya bari zai iya bi. Ɗan kasuwa ya fi kyau ya shiga bayan an gama JAMB, wajen Mayu ko Yuni, ko da yake lokacin yoyo ya matso, don ya samu 'yan watanni kafin sabon riɗi ya fara shigowa a Satumba da Oktoba, lokacin da saƙonni ke yawa kuma ba mai zama. A zo da littafin rubutu da tocila da maganin sauro.

Sai a yi hattara da asibitin. Da ƙarfi ake karanta saƙo saboda kunnen Malam, kuma rabin waɗanda ke kan bencin abokan gasarka ne a kasuwa ɗaya. Akwai wanda aka karanta tayin da aka yi masa, da sunan kamfani da farashi, ranar Alhamis ya tarar wani ɗan ajin ya riga shi kiran wakilin. Malam ya yi faɗa sosai, amma ciniki ya riga ya tafi. Ni a takarda nake kwafo saƙona, in cire suna, in canza lambobi, wayar kuma tana aljihu.